Digiri na biyu a fannin motsa jiki da lafiya: me ake karantawa, kuma wa zai amfana?

Wai har sai mutum ya yi digiri na biyu kafin ya koya wa yara guje-guje da tsalle-tsalle? Wannan ita ce tambayar da kawunmu ya yi wa ƙanina a zauren gida a Unguwar Rogo da ke Jos, ranar da ya kawo masa albishir ɗin samun gurbin ƙaro karatu a fannin ilimin motsa jiki da lafiya. Kawu bai faɗa don raini ba. Shi ya ɗauki nauyin karatun yaron tun daga sakandare, yana kuma so ya ga inda ɗawainiyarsa za ta ɓulle. Ya ce, "Kai ɗan nan, ƙwallon da kuke bugawa a bakin titi tun kuna ƙanana ba tare da malami ba, ita za ka sake kwashe shekara biyu kana karantawa?" Ƙanina ya sunkuyar da kai ya ce, "Kawu, ai ba ƙwallo ba ce kawai." Daga nan magana ta maƙale masa.

Irin wannan tambaya ta ƙara yawa a bakin mutane tun da Ma'aikatar Ilimi ta Tarayya ta fitar da sabuwar manhajar firamare da sakandare a 2025. An rage yawan darussan da yaro zai ɗauka, amma darasin motsa jiki da lafiya, wanda ɗalibai suka fi sani da PHE, ya fito a matsayin darasi mai cin gashin kansa tun daga aji ɗaya na firamare har ƙarshen ƙaramar sakandare. Wasu iyaye suna cewa ina amfanin rage kaya a bar wasa. Malamai kuwa tambayarsu daban: wa zai koyar da shi? A wurina tambaya ta biyun ce ke da nauyi, kuma amsarta tana komawa ne can ɗakunan da ake karatun gaba da digiri.

Me fannin ya ƙunsa?

Fanni ne mai ƙafa biyu. Ƙafar farko ita ce ilimin motsin jiki: yadda ƙasusuwa da gaɓoɓi da tsokoki suke haɗe, abin da ke faruwa da zuciya da huhu idan mutum ya yi gudu, dalilin da ke sa tsoka ta ɗaure, da matakan da yaro yake bi kafin ya iya jifa da cafkewa da tsayuwa a ƙafa ɗaya. Ƙafa ta biyu ita ce ilimin lafiya: tsaftar jiki da muhalli, abinci mai gina jiki, hanyoyin yaɗuwar cututtuka irin su kwalara da zazzaɓin cizon sauro, taimakon gaggawa, illar shaye-shaye, da sauye-sauyen da ke zuwa da balaga. Saboda faɗin fannin ne wasu jami'o'i, kamar Jami'ar Ahmadu Bello ta Zariya, suka sauya wa sashen suna zuwa wanda ke nufin nazarin motsin jikin ɗan'adam da ilimin lafiya.

Akwai ruɗani guda uku da ya kamata a warware tun daga nan. Wanda ya karanta wannan fanni ba likita ba ne, ba shi da hurumin rubuta magani ko yin allura. Ba shi ne ma'aikacin gashin ƙashi na asibiti ba, domin wancan kwas ne dabam mai hukumar da ke ba da lasisinsa. Ba kuma lallai ne ya zama koci ba. Horar da masu horar da 'yan wasa aiki ne da Cibiyar Wasanni ta Ƙasa da ke Legas ta daɗe tana yi. Koci yana zaɓar gwanaye sha ɗaya ya sallami sauran. Malamin PHE kuwa nauyin aji gaba ɗaya ke kansa, har da mai ƙiba, da mai asma, da mai sikila, da wanda ke tafiya da sanda, da yarinyar da ke jin kunyar gudu a gaban mutane.

Tsanin da malami ke hawa

Mataki na ƙasa shi ne takardar NCE, karatun shekara uku a kwalejin ilimi, kuma ita ce mafi ƙarancin shaidar da tsarin ilimi na ƙasa ya yarda a shiga aji da ita. A Filato muna da kwalejin ilimi ta jiha a Gindiri, da ta tarayya a Pankshin wadda aka ɗaga zuwa jami'ar ilimi. A Abuja akwai ta Zuba. Hukumar NCCE ce ke sa ido a kan kwalejojin. Sai digirin farko a tsangayar ilimi, shekara huɗu ga wanda ya shiga ta JAMB, mai NCE kuwa yakan tsallake ajin farko. Jami'ar Jos, wadda ta fara a 1971 a matsayin reshen Jami'ar Ibadan kafin ta tsaya da ƙafarta a 1975, tana da sashen wannan fanni a tsangayar iliminta.

Bayan digiri hanya takan rabu, kuma a nan mutane da yawa ke ɓata. Akwai PGDE, wato babbar diflomar koyarwa ta kimanin shekara ɗaya, wadda aka tanada don mai digiri a wani fanni da bai karanci aikin malanta ba. Jami'o'i suna yin ta, Cibiyar Malamai ta Ƙasa da ke Kaduna ma tana yi. Sai digiri na biyu, digirgir ke nan, wanda yakan ɗauki shekara ɗaya da rabi zuwa biyu idan yajin aiki bai gifta ba. Sai na uku, digirin digirgir, aƙalla shekara uku.

PGDE ba digiri na biyu ba ce. Abin da ya fi wannan muhimmanci shi ne, tana koya wa mutum dabarun koyarwa ne, ba ta ɗura masa ilimin darasin da bai taɓa karantawa ba. Mai digirin labarin ƙasa idan ya yi PGDE ya zama cikakken malami a idon doka, hukumar rajistar malamai ta TRCN, wadda aka kafa a 1993, za ta yi masa rajista idan ya ci jarrabawarta. Amma hakan bai sa ya san abin da zai yi ba idan yaro ya faɗi a fili yana shure-shure. TRCN ta kasa malamai gida huɗu: rukunin A masu digiri na uku, B masu na biyu, C masu na farko, D masu NCE. Wannan rabo yana nuna tsawon karatun mutum. Bai hana shugaban makaranta miƙa wa kowane malami darasin PHE don kawai jadawalinsa yana da sarari ba.

Yaya aka yi darasin ya koma allo?

Ruwa ba ya tsami banza. A gyaran manhajar da hukumar tsara manhajar karatu ta ƙasa, NERDC, ta yi a 2012, an cusa PHE cikin wani babban darasi na kimiyya da fasaha, tare da kimiyyar farko da fasaha da ilimin kwamfuta. Niyyar ita ce a rage wa yara nauyi. Abin da ya biyo baya a makarantu da yawa shi ne malamin kimiyya ɗaya ya rungumi duka huɗun, ya ba da ƙarfi ga abin da ya iya, ya karanta wa yara sauran daga littafi. Mai makaranta kuma ya ga babu dalilin ɗaukar ƙwararre na musamman. Fiye da shekara goma ana haka, kuma matashi ba ya kashe kuɗinsa a kwas ɗin da ba a ɗaukar masu shi aiki.

Sai maganar fili. Duk wanda ya san unguwannin Jos irin su Rikkos ko Gangare ko Nasarawa ya san yadda gidan haya mai ɗaki shida yake rikiɗewa ya zama makaranta cikin hutu guda. Na taɓa zuwa ɗaukar ɗan yayata a irin wannan makaranta, na iske ba a tashi ba, sai na tsaya a bakin taga. Malamin ya zana filin ƙwallo a allo da farin alli, ya rubuta tsawo da faɗi, ya sa ɗigo a inda ake buga fenariti. Yara sun fi arba'in a matse, uku-uku a benci, suna kwafa da rula. Wani yaro a layin baya ƙafafunsa sai rawa suke a ƙarƙashin tebur kamar zai tashi sama. Tsakar gidan makarantar ba ta fi a shimfiɗa tabarma shida ba, kuma tankin ruwa ya cinye rabinta. Malamin ba malalaci ba ne, na ga gumi a goshinsa. Ba shi da wurin fita da su, kuma ba a taɓa koya masa yadda ake motsa yara arba'in a ɗan ƙaramin wuri ba, alhali akwai dabarun yin hakan.

Dalili na uku shi ne yadda ake shigowa kwas ɗin. Ɗalibai da dama ba shi suka nema ba, sun nemi likitanci ko aikin jinya, maki bai kai ba aka turo su. Wasu sukan kamu da son sa daga baya su zama zaƙaƙurai. Wasu kuwa har su gama hankalinsu yana wani wuri.

Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce yaro daga shekara 5 zuwa 17 yana buƙatar aƙalla minti 60 na motsa jiki mai sa numfashi ya ɗaga a kowace rana. Binciken da ta fitar a 2019 ya nuna kashi 81 cikin ɗari na matasan duniya masu shekara 11 zuwa 17 ba sa kai wannan adadi. A da muna iya cewa wannan matsalar Turai ce, mu yaranmu suna langa da ɓoyo da kokawa a dandali. Yanzu dandalin an yanka shi fuloti, yaro ya taso daga boko ya wuce islamiyya, da dare kuma waya tana hannunsa.

Abin da ake yi a digiri na biyu

A wannan mataki ɗalibi yakan zaɓi reshe ɗaya ya nutsa. Akwai masu nazarin yadda jiki ke amsa atisaye, su ne masu awon bugun zuciya da ƙarfin huhu da kitsen jiki. Akwai masu nazarin halayyar ɗan wasa, da masu tafiyar da harkokin wasanni, da masu ilimin lafiyar makaranta da na al'umma, da masu tsara manhaja da dabarun koyarwa. Akwai kuma reshen da ke daidaita motsa jiki da buƙatun masu lalura ta musamman, wanda nake ganin Filato ta fi kowa dacewa da shi. Makarantar makafi ta Gindiri tana nan tun 1953, Jami'ar Jos ta yi suna a ilimin masu buƙata ta musamman, kuma kowa ya san lambobin zinaren da 'yan Najeriya masu ɗaga ƙarfe suke kawowa daga gasar nakasassu ta duniya.

Zango biyu na farko darussa ne, ciki har da hanyoyin bincike da lissafin ƙididdiga, sannan a rubuta kundi a kare shi a gaban malamai. To ina alaƙar wannan da yaron da ke kwafar filin ƙwallo a allo? Alaƙar a fili take. Mai digiri na biyu shi ke zama malami a kwalejin ilimi, shi ke yaye masu NCE da za su shiga firamare. Mai digiri na uku shi ke koyarwa a jami'a, inda ba a kaiwa matakin babban lakcara sai da shi. Irin waɗannan ne ake gayyata rubuta manhaja da littattafai da tsara jarrabawa. Malamin kwaleji ɗaya yana iya yaye ɗaruruwan malamai a rayuwar aikinsa, kowannensu kuma dubban yara za su bi ta hannunsa. In ya gyaru sun gyaru. In ya karkace, tun ran gini tun ran zane.

A nan nake da ƙorafi, kuma zan faɗe shi kai tsaye. Kundaye da yawa da na gani a wannan fanni ba su wuce raba takardar tambayoyi ba: a tambayi malamai ɗari biyu ra'ayinsu a kan muhimmancin motsa jiki, a tara amsoshi, a buga, a ɗaure da baƙin bango, a ajiye a kanta. Ban ɗora wa ɗalibai laifin duka ba. Na'urorin awo suna da tsada, inda suke ma wasu sun lalace, ɗalibi da aljihunsa yake bincike, takardar tambayoyi kuwa ita ce mafi araha. Amma sakamakon shi ne a samu dakta a ilimin motsa jiki wanda rabonsa da tsayawa gaban yara a fili tun lokacin gwajin koyarwarsa na digirin farko.

Alhali tambayoyin da ke jiran amsa suna nan a ƙofar gida. Jos tana bisa tsaunin da ya haura mita 1,200, matasan Pankshin kuma sun yi suna a tseren dogon zango. Wane irin atisaye ya dace da su tun suna makaranta? Sanyin Jos yana tayar wa masu sikila ciwo, haka ƙishirwa da gajiya mai tsanani. Wane wasa za a ba irin wannan yaro da ba zai cutu ba, ba kuma za a ware shi gefe kamar kaya ba? Yaya za a tsara darasi a watan azumi? Me ƙurar hunturu take yi wa masu asma a lokacin da makarantu suka fi shirya gasar gidaje? Langa da dambe da kokawa sun shiga Gasar Wasanni ta Ƙasa, wadda aka fara a 1973. Me ya hana langa, da ba ta buƙatar ko sisin kwabo na kayan aiki, zama ginshiƙin darasi a firamare?

Masu suka da masu goyon baya

Masu suka suna da hujja, kada a raina ta. Suna cewa yaron da bai iya karanta sunansa ba, karatu da lissafi ya fi buƙata. Suna cewa Jos ta fitar da Mikel Obi da Ahmed Musa, Mighty Jets ta ɗauki kofin gasar ƙasa a 1972, Plateau United ta ɗauka a 2017, duk daga filayen unguwa, ba daga ɗakin lacca ba. Wasu kuma daga cikin malaman kansu suna cewa digiri na biyu ba ya ƙara wa malamin aji wani abin a zo a gani a albashi, don haka duk wanda ya yi shi hanyar barin aji yake nema, ya koma ofis ko kwaleji. Wannan gaskiya ce mai ɗaci. Malaman firamare na Abuja sun shafe fiye da wata uku suna yajin aiki a 2025 a kan mafi ƙarancin albashi na naira 70,000. Wanda ke wannan hali ba za ka ga laifinsa ba in ya nemi mafita.

Amma hujjar fitattun 'yan ƙwallo ba ta taɓa ainihin maganar ba, domin ba don samar da taurari aka sa darasin ba. Na ga abin da ake nufi da ƙwararre a wata gasar gidaje da na halarta a cikin garin nan. Rana ta take, wata yarinya 'yar aji biyu ta gama tseren mita 400 ta yanke jiki ta faɗi. Kan ka ce kwabo mutane sun yi mata rumfa, wata uwa tana salati, wani ya kawo ledar ruwa zai matsa mata a baki, wani yana cewa a ɗaga ta zaune. Wata malama sanye da dogon hijabi da takalmin gudu ta ratsa taron, ta ce kowa ya ja baya a ba ta iska. Ta hana a zuba ruwa a bakin wadda ba ta cikin hayyacinta, ta duba numfashinta, ta sa aka kai ta inuwa, ta kwantar da ita ta ɗora ƙafafunta a kan jaka. Da yarinyar ta buɗe ido ta ce mata, "Sannu 'yata, kin karya kuwa da safe?" Ta girgiza kai. Sai a lokacin aka ba ta ruwa kaɗan-kaɗan, aka kira mahaifinta. Malamar ba likita ba ce. Abin da aka koya mata a kwaleji ne ta yi, kuma wani ne ya koya mata shi da kyau.

Maganar 'yan mata

Wannan malama ta tuna mini da giɓin da ya fi damuna. A unguwanninmu iyaye da yawa ba za su yarda namiji ya tsaya yana koya wa 'yarsu budurwa motsa jiki ba, balle ya yi mata bayanin al'ada da tsaftarta. Ba na ganin wannan a matsayin jahilci. Kunya ce da kishi, kuma tsarin da ya san mutanensa zai yi aiki da su. Addini bai hana motsa jiki ba, ya tabbata Manzon Allah, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, ya yi tsere da Nana A'isha. Abin da ya rage shi ne a samu mata a fannin, a ware wa 'yan mata lokaci da wuri, a yarda da suturar da ta dace. Mata kuwa ba za su yawaita a matakin NCE ba sai sun ga 'yan uwansu mata suna koyarwa a kwalejin, waɗannan kuma sai da digiri na biyu.

Abin da ya shafi iyaye da mai niyyar karatun

Ga iyaye, sabuwar manhaja tana iya zuwa da ƙarin kashe kuɗi ba tare da ƙarin amfani ba: sabon littafi, kayan wasanni na dole, kuɗin gasa, amma darasin yana nan a allo. Uba yana da haƙƙin ya tambayi makaranta wane ne malamin PHE, me ya karanta, sau nawa yara ke fita a mako, ina akwatin taimakon gaggawa kuma wa ya iya amfani da shi. Wanda ɗansa ke da sikila ko asma ko farfaɗiya ya sanar da malamin da bakinsa, kada ya ɓoye don gudun surutu.

Ga mai son ƙaro karatu, ya fara tantance abin da yake nema. In digirinsa ba na ilimi ba ne kuma aji yake so, PGDE ce ƙofarsa. In kwaleji ko jami'a yake hange, digiri na biyu ba makawa. Ya tabbatar hukumar kula da jami'o'i ta ƙasa, NUC, ta amince da kwas ɗin a jami'ar. Ya je sashen da ƙafarsa ya ga ɗakin gwaji da filin, ya tambayi waɗanda ke ciki shekara nawa suka yi, kuma ɗalibai nawa ke ƙarƙashin malami ɗaya mai duba kundi. Ya kuma san cewa tallafin ƙaro karatu na asusun tallafa wa manyan makarantu, TETFund, na malaman manyan makarantun gwamnati ne. Malamin firamare ko sakandare da kuɗinsa zai yi, sai dai in ya samu hutun karatu daga ma'aikatarsa. Ana samun aiki a wajen aji, a hukumomin wasanni na jihohi, da wuraren motsa jiki da ke ƙaruwa a Abuja, da ƙungiyoyin wayar da kai kan lafiya, amma babu wanda ke jiran mutum da takardar ɗaukar aiki a ƙofar jami'a.

Ƙanina ya shiga zango na biyu yanzu. Ya ƙi taken farko da ya zo masa a rai, na tambayar ra'ayin malamai. Ya nemi izinin makarantu uku marasa fili a cikin gari, zai gwada darasin minti talatin da aka gina a kan langa da tsallen igiya, ya auna bugun zuciyar yaran kafin farawa da bayan mako takwas. Agogon awon da yake buƙata guda biyu ne, kuɗin ɗaya kawai yake da shi. Kawu ne ya cika masa na biyun, da sharaɗin ya fara da makarantar da jikokinsa suke.